Mai binciken bairas ɗin ɓera, da me za a auna aikinsa?

Wata ƙanwata ɗalibar digiri na biyu ce ta turo min wannan tambayar: "Malam, an ba mu aikin semina, kowa an haɗa shi da masanin garkuwar jiki ɗaya ya yi bayanin yawan binciken da ya wallafa da kuma tasirinsa. Ni Kim Hasenkrug ne ya faɗo min. Na duba sai na ga kusan duk rayuwarsa a kan wani bairas na ɓeraye ya ƙare, wanda ko mutum ba ya kamawa. 'Yan ajinmu sun samu masu HIV da kansa, lambobinsu duk sun fi nawa girma. Me zan faɗa a gaban malamai, kuma da me ake auna irin wannan mutumin?"

To ƙanwata, da farko dai ki kwantar da hankalinki, ba ki yi rashin sa'a ba. Ni da za a ba ni zaɓi ma shi zan ɗauka, don wanda ya samu mai manyan lambobi allo kawai zai cika da adadi ya zauna, ke kuwa dole ki yi tunani, kuma tunanin ai shi ne seminar.

Bari mu fara da lambobin da suka tsorata ki. Abu uku ne galibi ake gani a shafin mutum: yawan takardun da ya wallafa, sau nawa wasu suka ambace su a nasu takardun, sai kuma ma'aunin h. Wannan na ƙarshen wani masanin fiziks ne mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma ma'anarsa ba wuya, idan aka ce h ɗin mutum 40 ne to yana da takardu 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40. Shi ke nan. Matsalar ita ce ambato yana bin girman kasuwa ne. Mai shago a Kantin Kwari da mai gyaran agogo a lungu, in kika ƙirga mutanen da suka tsaya gabansu a yini ba za a haɗa ba, amma wannan ƙirgen bai gaya miki wa ya fi iya sana'arsa ba. Masu binciken HIV dubbai ne a duniya, kowa na rubutu yana ambaton ɗan'uwansa. Masu binciken garkuwar jiki a kan bairas ɗin Friend kuwa 'yan lab-lab ne ƙalilan, a Amurka da Jamus da Japan da Ingila, kusan duk sun san juna. Ko mutum ya gano abin da ya girgiza fannin, mutum nawa ne za su ambace shi? Don haka jera lambarsa kusa da ta mai HIV kuskure ne tun daga tushe, ki faɗi haka a minti biyu na farko ki wuce.

Yanzu shi bairas ɗin. Sunansa daga Charlotte Friend ya samo asali, wata masaniya a cibiyar Sloan-Kettering ta birnin New York. A 1956 ta tashi a taron masu binciken kansa ta ce ta samu wani bairas da ke sa wa manyan ɓeraye sankarar jini, aka yi mata caa, don a lokacin in ka ce bairas na kawo kansa kallon mai tatsuniya ake maka. Takardar ta fito a 1957, kuma wanda ya taimaka mata wajen gyara ta shi ne Peyton Rous, mutumin da shi ma ya gano bairas mai sa wa kaji kansa tun 1911 amma bai samu kyautar Nobel ba sai 1966. Shekara 55 ke nan fa. Ki riƙe wannan, don irin wannan jinkirin shi ne zaren duk abin da zan gaya miki.

Bairas ɗin Friend a gaskiya biyu ne suke tafiya tare. Ɗaya cikakke ne mai iya hayayyafa, ɗayan kuma naƙasasshe ne, ba ya iya komai sai ya hau bayan na farkon, amma shi ne mai ɓarnar, yana ɗauke da wani furotin da ke danna maɓallin da ke umartar jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ya danne shi ya ƙi saki. Sai 'ya'yan ƙwayoyin jinin su yi ta ninkuwa a cikin saifa ba kai ba gindi. Na taɓa ganin wannan da idona a wani lab da na yi horo, kuma gani ya kori ji. Saifar ɓera mai lafiya 'yar siririya ce ja, kamar yankin barkono, nauyinta wajen kashi ɗaya cikin goma na giram. Ta wanda ya kamu bayan sati biyu kuwa sai ki ga ta cika cikin, ta yi duhu ta yi tauri, ta ninka sau goma ko fiye. Ba ma sai an yanka ba, ana sa wa ɓeran maganin barci a shafa gefen cikinsa na hagu da yatsa biyu a ji ta, a rubuta maki. A keji ɗaya ɓeraye sun kumbura sun mutu, a kejin da ke kusa an yi musu allura iri ɗaya rana ɗaya daga kwalba ɗaya, sun ɗan kumbura sun saɓe sun ci gaba da cin abincinsu. Bambancin kawai jinsin gidan da suka fito. Tambayar da Hasenkrug da malaminsa suka shafe shekaru a kai ke nan: me waɗannan ke da shi da waɗancan ba su da shi?

Za ki ce to me ya sa ba za su yi da HIV kai tsaye ba. HIV ba ya kama ɓera, wannan ɗaya. Na biyu, a mutum ba ki san ranar da cutar ta shiga ba, ba za ki iya cire masa wani rukunin sojojin jini ki ga me zai faru ba, ba za ki buɗe saifarsa a kwana na bakwai ba, kuma kowane mutum da irin gadonsa. A ɓera duk wannan mai yiwuwa ne, akwai gidajen ɓeraye da aka yi ta haɗa su da juna har suka zama tamkar tagwaye, akwai waɗanda aka cire wa ƙwayar gado guda ɗaya tak. Kuma bairas ɗin Friend yana da wata falala, yana kama babban ɓera mai cikakkiyar garkuwa, alhali da yawa daga cikin 'yan'uwansa sai an yi wa jariri allura kafin su yi tasiri. Wato shi ne wanda zai ba ki damar kallon faɗa na gaskiya tsakanin retrobairas, wato dangin bairas ɗin da shi da HIV suke ciki, da garkuwar jikin da ta balaga.

Hasenkrug ya yi aikinsa ne a ɗakunan binciken Rocky Mountain da ke wani ƙaramin gari mai suna Hamilton a jihar Montana, reshe ne na NIAID, cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa da ke ƙarƙashin NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Wurin asalinsa don binciken zazzaɓin da kaska ke yaɗawa aka kafa shi. Wannan bayanin yana da amfani gare ki ta wata fuska: masu aiki a cikin gidan NIH ba sa neman tallafin bincike yadda malaman jami'a ke yi, kasafi ake ware musu, sai kwamitin masana daga waje ya zo duk bayan shekara huɗu ya tantance su. Don haka kar ki je neman jerin kuɗin tallafin da ya ci ki ga babu ki ce bai da tasiri. Kuma irin wannan tsarin ne ke ba mutum damar ya manne wa tambaya ɗaya shekara da shekaru ba tare da ana matsa masa ya bi yayi ba.

Ga labarin da nake so ki gina seminarki a kai. A 1979 Bruce Chesebro, wanda daga baya Hasenkrug ya yi horo a ƙarƙashinsa, shi da Kathy Wehrly suka wallafa cewa akwai wata ƙwayar gado guda ɗaya da ke yanke hukuncin ko ɓera zai iya share bairas ɗin daga jininsa ta hanyar ƙera antibodi, wato sinadaran garkuwa, masu kashe kaifinsa. Suka sa mata suna Rfv3. Ba su san mece ce ba, ba su san me take ƙerawa ba, daga lissafin haihuwa kawai suka gane tana nan, a haɗa wannan gida da wancan a ƙirga 'ya'ya nawa suka warke. A 1995 Hasenkrug da abokan aikinsa suka nuna tana kan kuromosom na 15 na ɓera. Ki yi tunanin an ce miki ɓarawon yana Kano, sai bayan shekara goma sha shida aka ce a unguwa kaza yake, amma har yanzu ba a san gidan ba. A duk tsawon wannan lokacin wa zai ambaci takardar 1979 ɗin? Su ya su ne kawai. Da a ce a 1990 wani kwamiti ya zauna da ma'aunin ambato, cewa zai yi wannan aiki ya mutu, a rufe shi.

Can gefe kuma, a 2002, Ann Sheehy da Michael Malim suka gano cewa sel ɗin mutum na da wani enzayim, wanda yanzu ake kira APOBEC3G, da ke laɓewa cikin sabon ƙwayar HIV yana gurɓata rubutun gadonsa, yana sauya harafi da harafi har bairas ɗin ya kasa karanta kansa, kuma HIV ya tanadi wani furotin mai suna Vif musamman don ya hallaka wannan enzayim ɗin. Sai a 2008 igiyoyin biyu suka haɗu. Mario Santiago da Warner Greene na San Francisco tare da Hasenkrug suka wallafa a mujallar Science cewa Rfv3 ɗin nan da ake nema tun 1979 ai Apobec3 ce ta ɓera, kuma a shekarar dai ƙungiyar Masaaki Miyazawa a Japan ta fitar da sakamako mai nuna hakan. Shekara 29. Abin da ya sa wannan ya yi nauyi shi ne, masu HIV sun san enzayim ɗin ne a kwanon gwaji, a matsayin mai gadin cikin sel. Ɓera ne ya nuna a jikin dabba mai rai cewa wannan mai gadin yana da hannu a ingancin antibodin da jiki zai ƙera daga baya, wato garkuwar gaggawa ta cikin sel da garkuwar da ake koya a hankali ba rabe suke ba kamar yadda ake zana su a littafin aji. Ɓera na da wannan ƙwayar gado guda ɗaya, mutum na da bakwai, shi ya sa a ɓera in an cire ta ake ganin amsa fes, a mutum kuwa abin a cakuɗe yake.

Kuma ba wannan kaɗai ba ne irinsa a fannin. Frank Lilly ya bayyana wata ƙwayar gadon, Fv1, wajen 1970, mai tare bairas bayan ya shiga sel kafin ya dasa kansa. Sai 1996 lab ɗin Jonathan Stoye a Landan ya zaƙulo ta, kuma abin mamaki ashe ita kanta gyauron wani tsohon retrobairas ce da ya maƙale a gadon ɓera, jiki ya mayar da shi makami. Wannan ne ya sa mutane suka fara tambayar ko birai da mutane na da makamancinta, har aka kai ga gano TRIM5 alfa a 2004, wadda ke hana HIV kama wasu birai. Wannan ba aikin Hasenkrug ba ne, kar ki jingina masa, amma yana nuna miki yadda fannin ke tafiya.

Abin da za a fi tunawa da shi da sunansa kuwa shi ne batun sel ɗin T masu taka birki, waɗanda ake taƙaitawa da Treg. Su waɗannan aikinsu shi ne su hana sojojin jiki wuce gona da iri su afka wa jikin da kansa. Shimon Sakaguchi ne ya fito da su fili a 1995, kuma a 2025 aka ba shi Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. A farkon lamari kowa na kallonsu ta fuskar cututtukan da jiki ke yaƙar kansa da kuma dashen gaɓoɓi. Su Hasenkrug sai suka lura da wani abu: ɓeran da ya warke daga bairas ɗin Friend bai taɓa rabuwa da shi gaba ɗaya ba, yana nan kaɗan-kaɗan har mutuwa, kuma irin wannan ɓeran in aka dasa masa wani ƙari da lafiyayyen ɓera ke iya tunkuɗewa, shi sai ya kasa. A 2001 suka wallafa a mujallar PNAS, Michihiro Iwashiro ne a gaba, cewa masu birkin nan ne bairas ɗin ya tayar, har ma in aka ɗebe su aka sa wa ɓera mai lafiya shi ma garkuwarsa sai ta yi sanyi. Wannan na cikin hujjoji na farko-farko da suka nuna bairas mai daɗewa a jiki na cin moriyar birkin jikin. A 2004 kuma a mujallar Immunity, Ulf Dittmer na gaba, suka nuna sel masu kisa na CD8 suna nan, suna gane abokin gaba, suna ma ninkuwa, amma an ɗaure musu hannu. Kamar 'yan sanda ne cike da caji ofis, ga kaki ga mota, an hana su fita. Daga nan aka yi ta neman irin wannan a HIV da ciwon hanta na B da C. A nan kam za ki ga ambato da yawa, kuma ki lura su wa ke ambatar, yawancinsu mutanen da ba su taɓa riƙe ɓeran Friend ba ne. Ni a wurina wannan ya fi jimillar lambar ma'ana, wato aikin ya tsallake katangar gidansu.

Akwai kuma na 1999 a mujallar Nature Medicine kan rigakafi, inda suka nuna cewa don a kare ɓera daga bairas ɗin sai an haɗa rukuni uku, sel ɗin T masu taimako na CD4 da masu kisa na CD8 da sel ɗin B masu ƙera antibodi, ɗaya ko biyu ba sa wadatarwa yadda ya kamata. A lokacin masu neman rigakafin HIV sun rabu gida biyu, 'yan antibodi da 'yan sel masu kisa, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa.

Sai wata takarda da nake so ki nemo ko da lambarta ba za ta burge kowa ba. A 2008 lab ɗinsa ya wallafa cewa kwalaben bairas ɗin Friend da aka daɗe ana amfani da su, waɗanda ake rainonsu daga ɓera zuwa ɓera shekara da shekaru, ashe akwai wani bairas na daban da ya laɓe a ciki, ana kiransa LDV, kuma wannan baƙon yana jinkirta martanin sel masu kisa. Ma'ana wasu sakamakon da aka wallafa a baya, har da nasu, sai an sake duba su da tsabtataccen iri. Mutum ya fito ya ce jama'a ga gyara a kayan aikinmu duka. Wane ma'auni ne zai ba wannan maki? Ni na taɓa zama a wani kwamitin ƙarin girma inda wani ya kawo takardu sama da talatin na shekara uku, muka buɗe sai muka ga kusan bincike ɗaya ne aka yayyanka shi kamar tsire, a canza sunan gari a canza sunan ganye, kuma a ƙa'idar ƙirge ya wuce. Takarda ɗaya irin ta LDV ɗin nan ta fi tarin nan amfani.

Ki kuma ajiye misalin kishiyar wannan a aljihu, don wani malami zai iya cewa ai ambato shi ne hujja. A 2009 mujallar Science ta buga wata takarda da ta ce an samu wani bairas ɗan dangin na ɓera, XMRV, a jinin kashi 67 cikin ɗari na masu fama da ciwon gajiya mai daɗewa. Duniya ta ɗauka, wasu cibiyoyin jini suka daina karɓar gudummawar irin waɗannan majinyata, wasu marasa lafiya har suka fara shan maganin HIV. A 2011 aka tabbatar bairas ɗin a lab aka haife shi ba da gangan ba, lokacin da ake rainon wani ƙarin prostate na mutum, wato gaɓar da ke ƙasan mafitsarar maza, a jikin ɓeraye a shekarun 1990, gutsattsarin bairas biyu na ɓera suka haɗe, daga nan ya gurɓata kayan gwaji. A Disamban 2011 aka janye takardar. An ambace ta sau ɗaruruwa, da yawa don ƙaryata ta ne, amma kwamfuta ba ta san bambancin yabo da zagi ba, ƙirgawa kawai take. Kuma su wa suka warware rikicin? Tsofaffin masu retrobairas ɗin ɓeran nan ne da ake ganin fanninsu ya tsufa, irin su John Coffin da Stoye, don su ne suka san gyauron bairas ɗin da ke kwance a gadon ɓera kamar yunwar cikinsu.

Game da "ko mutum ba ya kamawa" da kika ce, ki ba su wannan a taƙaice. Enzayim ɗin da ke kwafe RNA ya koma DNA, wanda ya ba retrobairas sunansa, David Baltimore a bairas ɗin ɓera na Rauscher ya same shi a 1970, Howard Temin kuma a na kaji, suka ci Nobel a 1975. Irin wannan enzayim ɗin daga bairas ɗin Moloney na ɓera, wanda aka gyaggyara, shi ne a cikin kayan gwajin PCR da dama, har da irin waɗanda aka yi ta amfani da su lokacin korona. Maganin AZT kuwa an haɗa shi tun 1964 don cutar kansa, bai yi ba aka jefa shi a kabad, a 1974 Wolfram Ostertag a Jamus ya nuna yana hana bairas ɗin Friend hayayyafa, a 1984 kamfanin Burroughs Wellcome da yake tace magunguna da bairas ɗin ɓera ya yi amfani, a 1987 ya zama maganin HIV na farko da aka amince da shi, a 1994 aka nuna yana rage yaɗuwa daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Zidobudin ɗin da ke asibitocinmu shi ne. Amma ki yi hattara, wannan bashin fannin ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba. In kika cusa shi cikin lissafin Hasenkrug malami mai ido zai kama ki.

Kuma ki faɗi iyakar abin da kanki kafin a tambaye ki. Bairas ɗin Friend ba HIV ba ne. Ba ya cinye sel ɗin CD4 yadda HIV ke yi, cutar da yake kawowa sankarar jini ce ba ƙanjamau ba, tsarinsa ya fi sauƙi, ba shi da su Vif. Batun masu birki ma a HIV ya zo da fuska biyu, suna danne masu kisa, amma kuma suna rage kumburin garkuwa da ke gajiyar da jikin mai cutar, don haka ba a ce a kawar da su kawai an huta ba. Tasirin mutumin nan na fahimta ne, ya canza irin tambayar da wasu ke yi, ba wai ya fito da ƙwaya a kwali ba. A ganina faɗin haka ƙara miki daraja zai yi.

To a aikace ya za ki yi. Ki shiga PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, ki rubuta Hasenkrug KJ, sa'arki sunan ba gama-gari ba ne, da wani Wang ko Smith ne da kin sha wahala. A shafukan ƙirga ambato za ki ga lambobin Google Scholar sun fi na Scopus, don Google Scholar yana kwashe har da kundin digiri da littattafai, ki zaɓi ɗaya ki rubuta ranar da kika duba. Ki ware takardun bita daban da na ainihin bincike, don bita na jan ambato kamar zuma alhali ba sabon abu a ciki. Ki duba gurbin sunansa, a wannan fannin na farko shi ne ya yi aikin hannu, na ƙarshe shi ne mai lab ɗin da ya tsara, na tsakiya wataƙila ɓera ko antibodi kawai ya bayar, in kika bi shekaru za ki ga lokacin da ya tashi daga gaba ya koma ƙarshe, nan ne ya zama mai gidan kansa. Akwai kuma wani kayan aiki kyauta na NIH mai suna iCite, yana gwada kowace takarda da takwarorinta na fanni ɗaya, inda 1.0 ke nufin matsakaiciyar takardar da NIH ta ɗauki nauyi, wannan ya fi yi wa ƙaramin fanni adalci. Lambar tasirin mujalla kuwa kar ki dogara da ita, matsakaicin mujallar ne gaba ɗaya ba na takardarsa ba, tun 2012 aka yi sanarwar DORA a San Francisco ana roƙon a daina auna mutum da ita, duk da har yau ba a daina ba.

Sai ki ƙirga mutane. Dittmer ɗin nan da na ambata ya koma Jamus ya jagoranci cibiyar binciken bairas a Essen, ya ci gaba da aikin Friend da nasa ɗaliban. Wannan ma fitarwa ce ta bincike, ba ta bayyana a ma'aunin h.

In ni ne ke, allo ɗaya kawai zan ba lambobi. Sauran zan ja dogon layi daga 1957 zuwa 2008, in sa 1979 da 1995 da 2002 a kai, in nuna inda layin ɓera ya haɗu da layin HIV, sannan in ɗauki takardar 2001 in buɗe mutum goma daga cikin waɗanda suka ambace ta in karanta ainihin jimlar da suka ambace ta a ciki, in ga wa ya gina gwaji a kanta, wa kuma ya jefa ta cikin jerin sunaye kawai don cika layi. Zai ci miki kamar yini biyu. Ki turo min abin da kika samu kafin ranar, musamman in kin ci karo da wanda ya ce ya maimaita gwajin bai samu abin da suka samu ba, wannan nake son gani.